Maki Talatin da Bakwai

A Kollam, a shagon rabon shinkafa,
ruwan sama na dukan kwanon rufi,
kakata Kunjumol ta ɗora babban yatsa
kan ɗan gilashin nan mai jan haske.
Na'ura ta yi jim,
ta ce: ba ke ba ce.

Vinayan mai shago, a gabanta ya koyi tafiya.
Ya ce, Ammachi, goga shi a goshi, mu sake.
Ta goga. Ta hura masa iska. Ta ɗora.
Ba ke ba ce.

Ni ce a bayanta riƙe da buhu,
ni da nake cin abinci da wannan lissafi
a wani ofis mai sanyi can babban birni.
Na san abin da akwatin ke yi a cikinsa.

Ba yatsa yake gani ba, gona yake gani
wadda aka yi wa huɗa, kunya bayan kunya.
Sai ya sirantar da kowace ta koma zare,
ya bi ta sannu:
nan ta ƙare, ya sa ɗigo,
nan ta rabu biyu, ya sa ɗigo,
kowane ɗigo da mazauninsa da inda ya fuskanta.
Sannan ya ɗauko tsohon zanen da ke ajiye,
ya juya shi, ya matsar, ya kifa kan na yau
kamar mai nema wa tukunya murfi.
Ɗigon da ya tarar da ɗan'uwansa, a ƙirga shi.
Wanda ya tsaya shi kaɗai, a tsallake.
A tara, a raba, a fitar da maki.
Arba'in ne bakin ƙofa.
Kakata ta samu talatin da bakwai.

Shekara talatin da ɗaya tana fasa yazawa,
zaune a ƙasa, ɗan itace a dama, toka a tafi,
man ɓawon na cin fata a hankali.
Kunyoyinta sun bi ƙwaya cikin gwangwani
zuwa ƙasashen da ba ta iya kiran sunansu.
Saura santsi, da tsaga biyu
da na'ura ke ɗauka sabuwar huɗa ce.

Mun taɓa yin musu kan wannan ƙofa.
Jomon ya ce, ka sassauta,
wani ya kwashe shinkafar wani.
Na ce, ka tsananta,
mai ɗaki ya kwana a waje.
Muka ja layi biyu a allo,
ɗaya na hawa, ɗaya na gangara,
muka sa alama kusa da inda suka gamu,
muka fita shan shayi.
Ba wanda ya ce mini
akwai tsohuwa tsaye a wurin da laima.

Akwai wasu dabarun, na karanta su duka.
A bar ɗigo, a dubi yadda layuka ke kwarara.
A gwada haske da haske, duhu da duhu.
A ƙirga ramukan gumi in gilashin na da ido.
Kowacce dai sai ta sami abin da za ta kama,
kuma aiki ya riga ta zuwa.

Layi ya fara tsaki.
Muka bi yatsun ɗaya ɗaya:
manuni, ashirin da tara,
na tsakiya, ko maki bai fito ba.
Can sai ƙaramin na hagu,
wanda take ɗagewa sama in tana fasa,
don kada mai ya taɓa shi.

Arba'in da huɗu. Haske ya koma kore.

Kakata ta dube shi, ta juya shi,
ta yi dariya har haƙorinta ɗaya ya fito.
Ta ce, kun ga wannan malalacin?
Bai taɓa fasa ko ƙwaya ɗaya ba,
amma shi gwamnati ta sani.

Vinayan ya auna shinkafa, bai ce komai ba.
Na ɗora buhu a kafaɗa.
A hanya, inda laka ta yi santsi,
ta kama wuyan hannuna da sauran taran.